Rumman ɗin da ta bari a bayan ɗaki

Asabar, da hantsi

Auta ce ta kawo mini littafin nan, wai in riƙa rubuta lokacin da na sha ƙwayar hawan jini don kada in manta. Na ce mata ni ban taɓa manta komai ba, abin da ke damuna ke nan. Zan rubuta abin da na ga dama. Ban yi makaranta ba, baƙaƙen nan a jikin buhun siminti na tsince su, duk wanda ya ga kuskure ya riƙe abinsa.

Yau na zaga bayan ɗaki, karo na farko tun da matata ta rasu. Gwangwanayenta suna nan jere a gindin katanga, na fenti ne da nake kawo mata daga wajen gini. Na'ana'a, ɗoɗɗoya, da wata jar fulawa da ban san sunanta ba. Duk sun bushe ƙayau. Masu gaisuwa sun cika gidan nan maƙil, an sha ruwa an yi alwala an wanke ƙafa, amma ba a sami mutum ɗaya da ya watsa musu ko kofi guda ba.

Abu ɗaya ya rage da rai, rumman. Daga ƙwaya ta tayar da shi, yanzu ya kawo mini ƙugu. Ban san yadda aka yi ya jure ba.

Na ba shi ruwa.

Lahadi, bayan azahar

Ba zan bar shi a gwangwani ba. Ƙasan gwangwanin duk huji ne, ita ta bi shi da ƙusa ta huda, kana zuba ruwa yana tsiyaya kamar kwando. Tun tana nan nake ce mata wannan ɓarnar ruwa ce. Sai ta ce in kula da bulona, ita ta kula da ganyenta.

Zan gina masa gurbi na ƙwarai a tsakiyar filin bayan ɗakin, in kewaye da fulawa, in yi dakali a gefe. Lambu sosai, nata. Mutum yana bukatar inda zai je ya zauna. Inda yaranmu suka binne ta da nisa, kuma ba wanda ya tambaye ni.

Na fito da cokalin gini da igiya da kwano. Cokalin ya yi tsatsa. Na goge shi da yashi.

Talata, da yamma

Na ja igiya, na haƙa. Ƙasar wajen tauri gare ta, diga sai tsalle take yi. Tela maƙwabcina ya leƙo ta kan katanga, tef a wuya, kamar kullum ba ya da aikin yi sai na mutane.

"Birkila, rijiya kake haƙa ko taska ka binne?"

"Ramin da zan sa masu leƙe nake haƙawa."

"To ka ƙara faɗi, ni ba na kwanciya a matse."

Ya zagayo ya shigo, ya zauna a kan baro ba wanda ya ce ya zauna. Na gaya masa abin da nake nufi. Ya ce to me ya hana in haƙa rami kawai in sa itacen a ƙasa, kamar yadda kowa ke yi. Na ce ni ba kowa ba ne. Ƙasar nan da yake gani duk ɓaraguzan gini ne da guntun bulo, ba zan sa abinta a cikin shara ba. Zan yi masa ɗaki nasa, in kawo masa ƙasa mai kyau daga waje.

"Itace fa ba ya son haya," in ji shi.

"Kai da ɗinkinka ke warwarewa kafin a kai gida, kai ne za ka koya mini aiki?"

Ya yi dariya. Ya ce marigayiya ma haka take ce masa, amma ba ta taɓa kai ɗinki wani wuri ba. Ya tashi ya ce ya bar dutsen guga a kan wuta.

Laraba, da safe

Baya ya riƙe. Ban fita ba. Na ba shi ruwa da rarrafe.

Juma'a, bayan la'asar

Na zuba kankare a ƙasa, kauri sosai, na daddage shi. Na jera bulo har ya kawo gwiwa. Kusurwa huɗu, kowace ka ɗora mata ma'aunin magina sai ka ga ƙwayar ruwan da ke cikinsa ta tsaya a tsakiya cak. Hannuna yana rawa in zan sha shayi, amma in na riƙe cokali ba ya yi. Wannan a rubuta, don akwai masu cewa na tsufa.

Gobe filasta, ciki da waje. Ba irin ta yaran yanzu ba da ake shafawa kamar ana jin tsoron bangon. Siminti ya fi yawa, in bi da ruwan siminti zalla in goge har ya yi santsi. Tankunan da na gina a garin nan har gobe suna riƙe da ruwa, wasu masu gidajen ma sun mutu, tankin yana nan.

Litinin, da hantsi

Jiya na cika shi da ruwa na yi alama da gawayi, kamar yadda nake gwada kowane tanki. Yau da safe ruwan yana kan alamar. Ko ɗigo. Na kwashe da bokiti.

Da tana nan da ta ce, "To, an yi, sai a zo a ci abinci."

Laraba, da yamma

Auta ta zo da abinci a kula. Ta share ɗakina, ta yi mitar kayan da na jibge a kan gado, sannan na ce ta zo ta ga aiki. Muka zaga baya. Ta tsaya a bakin gurbin ta daɗe tana kallo.

"Baba, me ya sa ka yi shi dogo haka?"

"Haka filin ya ba da."

"Tsawonsa fa kamar..." Sai ta kama bakinta da gefen mayafi.

Na ce kamar me. Ta ce ba komai, ya yi kyau. Ni ban auna shi da kowa ba. Igiya na ja, inda ta tsaya nan na tsaya.

Muna cin abinci ta ce Yaya yana gaishe ni. Babban ɗana ke nan, Injiniya, wanda ke can babban gari. Na ce ina amsawa daga nan. Ta ce ya ce duk ranar da na shirya zai turo mota, a kai ni in ga wurin, in yi mata addu'a a kusa. Na ce addu'a ba ta bukatar mota. Ta ce Baba. Na ce gishirin miyar nan ya yi yawa.

Ta wanke kwanonin da ƙarfi, ina jin su daga ɗaki.

Alhamis, kafin azahar

Na je wajen mai dashe, matar nan da ke jera tsirrai a leda a bakin gada. Na ɗauki baƙar ƙasa buhu-buhu da taki, da fulawa ja irin wadda ta mutu, da na'ana'a. Ta tambaye ni inda zan sa. Na kwatanta mata, har da filastar.

"Baba, ka bar masa ƙofa a ƙasa?"

"Ƙofar me?"

"Inda ruwa zai fita."

Na ce mata 'yata, ni aikina tun kafin a haife ki shi ne in hana ruwa fita. Ta ce ai shuka ba haka take ba. Wani mai mota ya tsaya yana mata hon, ta ruga wajensa. Mai mota ya fi tsoho da baro, na sani.

Juma'a, da sassafe

Na yanka gwangwanin da almakashin kwano, na fito da shi da ƙasarsa gaba ɗaya. Saiwar ta nannaɗe kanta, fara tas, kamar zare. Na sa shi a tsakiya, na jera fulawar a kai da ƙafa, na'ana'a a gefe. Na ba su ruwa har suka ƙoshi.

Na zauna a dakalin. Akwai wurin mutum biyu, haka ya fito.

Lahadi, da yamma

Yana tsaye. Wani tsuntsu ya sauka a kansa ya tashi.

Talata, da yamma

Na ba shi ruwa safe da yamma. Tela ya ce ko jariri ba a shayar da shi haka. Na ce jariran gidansa shi ya sa duk suka fito kamar allura.

Alhamis, da hantsi

An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Rufin ɗakin girki ya zuba a inda ya saba, na tara roba a inda take tarawa. Da aka ɗauke na zaga baya. Gurbin ya cika har baki, ganyen na'ana'a yana yawo a sama. Na bi jikin bulon da hannu ta waje, a bushe. Katangar Tela ta jiƙe har rabi, tawa ko gumi.

Na kwashe na saman da kofi. Sauran ƙasa za ta shanye.

Asabar, bayan azahar

Ganyen ƙasa sun yi rawaya, wasu sun zubo. Sauyin wuri ne. Mutum ma in aka ɗauke shi daga ɗakinsa aka kai shi gidan da bai sani ba, ai sai ya canza. Na gaya wa yaran haka tun a lokacin ciwon uwarsu. Na ce a bar ta a ɗakinta, asibitin nan na kusa ya ishe mu. Suka ce can akwai manyan likitoci. Suka naɗe ta a bargo suka sa a bayan mota. Ta ce in kula da kaji. Kajin ma Auta ta kwashe.

Na ƙara masa ruwa, da alama ƙishi yake ji.

Litinin, da yamma

Na'ana'ar ta yi baƙi ta kwanta. Matar gadar nan ta sayar mini da mai ciwo.

Yau zan rubuta maganar gidan Injiniya, don in na mutu kada a ce ni ne mai taurin kai. Da wannan cokalin na yi masa makaranta. Yana ƙarami yakan biyo ni wajen aiki ya riƙe mini bakin igiya, har leburori suna ce masa ƙaramin birkila. Da ya tashi gina gidan kansa, sai a bakin mutane na ji. Ya ɗauko kamfani. Na shiga mota na je da kayan aikina a jaka, na tarar har an kai linta. Wani yaro mai hular roba ya tare ni a ƙofa yana tambayar wa nake nema. Da Injiniya ya fito sai ya ce, "Baba, ai hutawa ya kamata ka yi, wannan aikin na zamani ne." A gaban leburori. Ko bulo ɗaya ban ɗora a gidan ɗana ba.

A wurin na ce ƙafata ba za ta taka gidan nan ba. Na faɗa da bakina, mutane sun ji. Uwarsa ta yi ta fama da ni shekara da shekaru, ni kuwa magana in ta fita ta fita.

Sun san da wannan sarai lokacin da suka zaɓi inda za su kai ta jinya.

Talata, da safe

Wari yake yi kaɗan. Takin ne.

Alhamis, bayan la'asar

Na tsinki reshe na kai wa mai dashe, don ta ga abin da ƙasarta ta yi. Ta murza ganyen, ta shinshina. Ta ce in ba ni da nisa za ta biyo ni ta gani. Ta bar wa maƙwabciyarta kayan, muka taho.

Ta naɗe hannun riga ta tura hannu cikin ƙasar har gwiwar hannu. Da ta zaro, baƙin ruwa yana bin yatsunta.

"Baba, wannan ba lambu ba ne, kwatami ne. Saiwar tana cikin ruwa tun yaushe."

"Shuka ba ruwa take so ba?"

"Kai ma kana son ruwa, amma ba a cikinsa kake kwana ba. Ka fasa ƙasan nan yau. Ka huda gefe, ka huda ƙasa, ka daina ba shi ruwa. Wataƙila."

"Wataƙila me?"

Ta goge hannunta da zani. Ta ce wa ya tayar da shi tun farko, don mai hannu ce. Na ce marigayiya uwargidan ce. Ta duba gwangwanayen da ke gindin katanga, ta ɗaga ɗaya ta kalli ƙasansa, ta mayar a hankali. Ta ce Allah ya ji ƙanta. Na ba ta na mota ta ƙi karɓa.

In fasa. Abin da na goge da tafin hannuna.

Juma'a, da yamma

Ban fasa ba. Na dai rage ruwan.

Asabar, da yamma

Tela ya ce zai aro mini injin huda bango wajen surukinsa, abu kaɗan an gama. Na ce ranar da na zo shagonsa na tsaga rigar da ya gama ɗinkawa, ranar ya kawo injin. Ya ce in dai rigar tana shaƙe mai ita, shi da kansa yake farkewa. Na ce ya tafi zai yi baƙi.

Jar fulawar ta bi na'ana'a.

Litinin, bayan azahar

Auta ta zo. Tela ne ya kai mata rahoto, na san shi. Ko zama ba ta yi ba ta wuce baya, ina biye da ita.

"Baba, don Allah ka fasa abin nan."

"Ke ma kin zama magina?"

"Shi kaɗai ya rage na Inna. Kayanta an raba, ɗakinta an kulle. Shi kaɗai ne ke numfashi."

Na ce na fi ta sanin haka. Na ce da suna son abin Inna ya yi numfashi da ba su ɗauke ta daga nan ba. Ban yi niyyar faɗa da ƙarfi ba. Ta juyo, idonta irin na uwarta in ranta ya ɓaci, ba hawaye, a bushe.

"Mun kira ka. Ni na kira, Yaya ya kira. Da ta farka a asibiti ranar Larabar nan, ƙofa take kallo, duk wanda ya shigo sai ta..."

Na ce ta rufe mini baki. Na ce wayar tana aljihun rigar da na rataye, kowa ya san ba na jin ƙararta in ina waje. Ta ce to. Ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta ce abincin yana cikin kula, in ci da zafinsa.

Ba su ce abin ya kai haka ba. Da sunan Injiniya ya fito a jikin wayar ai ba a rubuta abin da zai faɗa ba. Kuma suka yi gaggawa, kafin in sami mota an gama komai. Wa ya ce su yi gaggawa?

Talata

Ban ci ba. Ban sha ƙwayar ba. A rubuta.

Laraba, da hantsi

Na fasa.

Na jira Tela ya tafi kasuwa sayen zare, sannan na ɗauko guduma da kurfi, ƙarfen fasa bulo. Na durƙusa ta gefen da ke kallon katanga, inda ba za a gani ba. Bugun farko kurfin ya dawo mini. Na biyu ma. Aikin ba ya son fasuwa, ai na faɗa. Sai da gumi ya jiƙa mini riga kafin bulon ya buɗe, filastar ciki kuma ta tsaya ita kaɗai kamar faranti, sai da na sake dukanta.

Ruwan da ya fito baƙi ne, mai kauri, warinsa kamar na mushe. Ya bi ta kan ƙafata, ya ratsa tsakar gida, ya fita ta rariya har titi. Ya daɗe yana zuba. Ban san gurbin ya ɗauki ruwa haka ba. Wata mata da ke wucewa ta toshe hanci tana cewa masu gidan nan ba sa gyara masai.

Na ƙara huji a kowane gefe. Tunda an ɓata, a ɓata gaba ɗaya.

Tela ya dawo ya ga ruwa a titi. Ya leƙo ta kan katanga, ya dube ni, ya dubi gudumar. Ina jira ya yi magana in ba shi amsa. Sai ya ce ko ina da sauran shayi.

Juma'a, da safe

Ban ba shi ruwa ba, haka mai dashe ta ce. Na zauna kusa da shi kawai. Ganyen da suka rage ana iya ƙirga su, ban ƙirga ba.

Lahadi, da yamma

Akwai wani ɗan kore a reshen sama. Na kira Tela ya zo da tabaransa. Ya duba ya duba, ya ce shi dai bai gani ba, amma idonsa ba na yarda ba ne.

Litinin, da safe

Ƙwaro ne.

Laraba, bayan azahar

Mai dashe ta ce in kankare bawon da farce, in na ga kore a ciki da sauran rai. Na kankare a sama, ruwan ƙasa. A tsakiya, ruwan ƙasa. A gindi bawon ya saluɓe ya biyo yatsana.

Na mayar da shi na ɗaure da zare.

Asabar, bayan la'asar

Injiniya ya zo. Ban ji motarsa ba, sai sallama na ji a tsakar gida. Ya rame. Furfura ta fito masa a gemu, ban san yaushe ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa. Direbansa ya shigo da wani rumman a baƙar leda, dogo, ganye lub-lub, ya ajiye ya fita.

"Auta ta gaya mini, Baba. Na ce ko za a sa wannan a wurin."

"Wa ya tayar da shi?"

"Saya na yi."

"To mayar musu."

Bai yi gardama ba. Ya ce zai iya ganin wurin? Na ce ido nasa ne. Muka zaga baya. Ya tsaya a kan itacen, ya taɓa zaren da na ɗaura, bai tambaya ba. Sannan ya tsuguna da farin wandonsa a cikin laka ya bi filastar da tafin hannu, a hankali, tun daga wannan kusurwa har waccan. Ya sa ido a gefen bulon ya hango layin, yadda na koya masa.

"Baba, hannunka yana nan. Duk masu yi mini aiki babu mai iya wannan."

Shekara nawa ina jiran maganar nan. Ga inda ta same ni, a gaban busasshen kara da huji a kowane gefe. Na ce masa aikin banza ne. Ya ce a'a. Na ce na ce aikin banza ne.

Ya zauna a dakalin, a ɗaya gefen. Muka daɗe. Ya ce a can an shuka itatuwa a bakin layin da take, akwai inuwa da yamma. Ya ce in na yarda mu tafi yau, in kwana, gobe da safe ya kai ni. Na ce in kwana a ina. Ya ce Baba, gida ai naka ne. Na ce ba ni da gida a can. Ya ce to masauki zai kama mini, ba sai na taka ƙofarsa ba. Ya juya yana kallon katangar Tela.

Na ce ba zan iya barin itacen ba yanzu, yana bukatar a sa masa ido.

Ya dubi itacen. Ya dube ni. Ya ce to, Baba, duk ranar da ka shirya.

Ya bar na ledar a zaure, wai ya manta. Na miƙa wa Tela ta kan katanga.

Lahadi

Ba komai.

Talata, da yamma

Na cire shi da safe. Na kama gindin da hannu biyu na shirya ja, sai ya taho da hannu ɗaya, kamar dama jira yake. Babu saiwa. Wani baƙin abu ne guntu mai laushi, farin zaren nan duk ya narke. Na rasa inda zan kai shi. Bola ba ta dace ba, murhu ma haka. Na buɗe ɗakinta na jingine shi a bayan ƙofa na kulle.

Na share wurin, na daidaita ƙasar da bayan shebur. Ta bushe yanzu, ta yi kyau, mai dashe ta ce ko me aka sa zai kama. Tela ya ce in sa tumatir. Auta ta yi waya, na ɗauka, ta ce in sa duk abin da nake so, ko in bar shi haka. Na ce to. Ta ce na sha ƙwaya? Na ce na sha.

Da rana ta yi sanyi na tashi na tari ruwa a famfo, na ɗauko bokitin na zagayo baya. Sai da na iso na tuna.

Ina zaune a dakalin. Bokitin yana gabana a cike, ban san inda zan zuba ba.